Ƙaryar da Na Yi wa Inna a Kan Bayam-Selam

Kalmomi biyu ne masu amo ɗaya. Ba Hausa ba ne, ba Fulatanci ba, ba kuma Faransanci ba, amma duk wanda ya taɓa sa ƙafa a kasuwar Garwa ya ji su. Bayam-selam. Haka ake kiran matan da ke tarar motocin kaya da sassafe su sari tumatir da albasa da doya, su koma su kasa su sayar. Inna ta yi shekara huɗu tana cikinsu. Ni na raba ta da kasuwa, da bakin nan nawa, kuma da kalmomin nan biyu na yi aikin. Daga nan na kwashe shekara talatin ina neman ranar da zan gaya mata gaskiya.

Babanmu mahauci ne, kakanninsa daga ƙasar Kano suka gangaro da fatauci suka zauna. Ya rasu ina da shekara goma sha ɗaya, a farko-farkon mulkin nan da muka girma a cikinsa har muka fara furfura. Mu huɗu ya bari, ni ce babba. Da Inna ta fita takaba manema suka fara aike, ta ce ita kam ta gama, a ƙyale ta. Baffanninmu sun so su riƙe mu, amma ba a jima ba aka shiga matsin nan da kowa ke kira lakiriz, har ma'aikatan gwamnati suka koma sayen rabin naman da suka saba, kowa yana ta kansa. Ranar da Inna ta ɗauki faranti ta ce za ta kasuwa, babban baffanmu ya zo ya yi ta faɗa a zaure, wai matan gidanmu ba su taɓa zaman kasuwa ba. Ta bar shi ya gama, ta kawo masa ruwa, ta ce, "Yaya, na ji. Gobe in ka aiko da dawa sai in zauna." Bai aiko ba, ita ma ba ta zauna ba.

Gajera ce Inna, amma muryarta ta fi ƙarfin jikinta nesa ba kusa ba. In ta yi dariya a tsakar gida maƙwabta sukan leƙo su ji me aka samu. Fulatancinta tsaf, ba ka raba ta da masu shi. Faransancinta kuwa, kai, sai dai a yi wa Faransanci gaisuwa, amma ba wanda ya taɓa cin ta a ciniki da shi. Da yake ni 'yar fari ce ba ta faɗin sunana, kuma tun ranar da na shiga lise, wato makarantar sakandare, ta laƙaba mini Madam. "Ke Madam, a ajiye littafi a zo a wanke tukunya, tukunya ba ta jin Faransanci." Ina fushi tana dariya.

Matan nan suna da tasu doka, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba. Akwai wani fili a bakin titi inda motocin kaya ke tsayawa bayan sallar asuba. Da an hango mota, tun ba ta tsaya ba, mata za su bi ta da gudu, kowace tana jefa tsumma kan buhu ko kwandon da idonta ya zaɓa. Kwandon da tsummanki ya fara sauka a kai, ke za ki fara cinikinsa, ba mai taɓa shi sai kin ce kin fasa. Ko mai motar bai isa ya ba wata ba. Shi ya sa kowace ke tara tsofaffin zannuwa ta yayyaga, ta ƙulla ƙullin dutse a gefe don ya yi nisa. Inna gwana ce a wannan jifa. Takan dawo da yamma ƙafafunta sun yi futu-futu, ta zauna kan turmi tana ba mu labari: yadda ta riga wata doguwar 'yar ƙabilar Tupuri jifa, yadda tsumman wata ya faɗa kan direba aka ce to ta ɗauki abinta. Ƙannena suna ta kwasar dariya har da faɗuwa. Ni ma ina yi, amma a cikin gida kawai.

A lise ban taɓa faɗin sana'arta ba. Ajinmu cike yake da 'ya'yan ma'aikata da 'ya'yan alhazai masu kanti, ni kuwa girman kai ya yi mini yawa a kan abin da nake da shi. Hanyar makaranta ta bi ta gefen filin nan, amma kullum sai in yi zagaye ta bayan masallaci, ko da yake lokacin da muke wucewa an riga an watse.

Wata safiya, ina da shekara goma sha biyar, na haɗu da 'yan ajinmu biyu a hanya, ba yadda zan yi in ce musu mu yi zagaye. Ashe ranar wata motar tumatir daga kudu ta lalace a hanya ta makara. Mata sun gama jefa tsummansu a kan motocin farko, sun fara ɗaure kaya, sai ga ta. Aka zubar da komai aka bi ta. Muna isowa daidai wurin na hango Inna a tsakiyar gudun. Ba ta da sauran tsumma, sai ta yaye mayafinta ta dunƙule ta wurga, ya sauka kan kwando. Ta ga wani kwandon ya fi shi, ta fizge ɗankwalin kanta ta wurga shi ma. Ga ta nan a bakin titi, kai ba ɗankwali, tsohon kitso duk ya tashi, takalmi ɗaya ya fita, tana haki tana dariya. Sai idonta ya faɗa kaina. Ta ɗaga hannu ta ƙwala kira, "Madam! Kin ga hannu?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta dube ni ta ce da Faransanci, "Wannan ta san ki?" Na ƙara sauri. Kafin a tashi tara labari ya gama ajin. Ba su zage ni ba, da ma zagin suka yi. Sai dai in na wuce wani ya yi ƙasa da murya ya rera, "Bayam-selam, bayam-selam," kamar ana kiɗa, sauran su danne dariya.

Malaminmu na Ingilishi mutumin wajen Bamenda ne, can yankin ƙasar da ake Ingilishi, siriri, kullum da hankici yana share gumi don zafin Garwa bai taɓa yi masa sauƙi ba. Ranar ya ji rerawar a bayan aji. Ya tsayar da darasi, ya rubuta kalmomin a allo, ya ja layi a tsakaninsu. Ya tambaya wa ya san daga ina suka fito. Ba wanda ya sani. Ya ce Turancin buroka ne, irin wanda ake yi a garuruwansu da gaɓar teku. Bayam daga kalmar Ingilishi ta saye ta fito, selam daga kalmar sayarwa, 'yar wutsiyar da ke ƙarshen kowace kuma tana nufin shi ko su. Sayo shi, sayar da shi, iyakar abin ke nan. Ya ce an haifi harshen ne tun zamanin da jiragen ruwan Turawa ke tsayawa a bakin teku ana cinikin manja, don mai jirgi da mai kwalekwale su fahimci juna. Daga nan ya shiga gonakin ayaba da roba, ya bi leburori da direbobi ya hau har arewa. Amon da kalmomin biyu ke da shi ne ya manne su da juna, bakin mutane ya ji daɗinsu, har masu Faransanci suka karɓa ba su canza komai ba.

Ya ajiye alli ya ce, "Uwata ma bayam-selam ce. Da ganye da gwaza ta yi mini karatu. Mai sauran dariya ya tashi ya yi in gani."

Ba wanda ya tashi. Da ina da hankali da na ji sanyi a raina. Amma ni sai na ji kamar ya tsayar da ni a gaban allo ya nuna ni da yatsa, don kowa ya san da wa ake. Na kwafe bayanin a littafina tsaf, ina cike da haushi.

Kwana biyu ban yi wa Inna magana ba sai gaisuwa. A rana ta uku, bayan la'asar, tana zaune a tsakar gida tana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, ta kira ni.

"Ke Madam, zo. An ce sunan nan da ake kiranmu Ingilishi ne. Ranar nan na ji ƙawayenki suna faɗa suna dariya. Ke da kike karatunsa, me yake nufi?"

Littafin yana cikin jakata, jakar tana rataye a ƙofar ɗaki, taku uku tsakanina da ita. Na san amsar kamar yadda na san Fatiha. Na dubi ƙasa na ce, "Zagi ne, Inna."

"Zagi?"

"Macen da ba ta da mai tsawata mata ake nufi. Mai bin direbobi. Wadda ko kanta ta samu mai saye sai ta sayar."

Hannunta ya tsaya a cikin albasar. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. "Haka ne?"

"Haka malaminmu ya ce."

Dubi mugunta, har bawan Allah na jawo cikin ƙaryata. Inna ta ce, "To." Ta ci gaba da ware albasarta har aka kira magariba.

Ba ta daina nan take ba. Ta ƙara kamar mako biyu, sannan wata safiya na tashi na tarar da ita tana soya gyaɗa. Ta bar wa wata ƙawarta gindin dalbejiyar da take kasa kaya, ta koma sana'ar cikin gida, matsar man gyaɗa da tuyar ƙuliƙuli. Wanda bai san Garwa a watan bazara ba ba zai gane abin da ake nufi da mace ta wuni a gaban kasko ba. Baffa ya zo har tsakar gida yana sa mata albarka, wai yanzu ta yi abin da ya dace da gidanmu. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na daina zagaye ta bayan masallaci. Da aka ba mu takardar cikewa ta jarrabawa, a wurin sana'ar uwa na rubuta matar gida, da babban rubutu.

Ba mu kwana da yunwa ba, man Inna ya yi suna a unguwa. Amma gidan ya canza. Labaran yamma suka ƙare, don kasko ba ya ba da labari. Ƙawayenta na kasuwa sun yi ta zuwa da farko, su zauna su cika gidan da harsuna huɗu, daga baya suka ragu, kowace da nata aikin. Da safe, in ƙahon babbar mota ya taso daga titi, sai in ga ta dakata da muciya a hannu har ƙarar ta wuce. In ta aike ni kasuwa na dawo takan ce, "Wa kika gani? Doguwar nan tana nan? Yaya tumatir yau?" Ni kuma in ce ban lura ba. Dariyar nan da maƙwabta ke leƙowa dominta, ban san ranar da ta tafi ba. Wata rana dai na farga na daɗe ban ji ta ba.

Na ci jarrabawa, na wuce, kuma cikin ikon Allah Ingilishin nan na karanta. Aka fara tura ni koyarwa Figil, inda farar ƙurar siminti ke kwanciya a kan ganyen bishiya, daga nan Gidar, daga baya na yi aure muka zauna a Dugoy cikin Marwa. Kowace shekara sai na rubuta wa ɗalibaina bayam-selam a allo na ja layi a tsakani, don ba abin da ke sa yaro ya saki jiki da Ingilishi kamar ya gane yana da shi a baki tun yana goye. In ba su labarin jirage da manja da direbobi. In ce musu suna ne na aiki, ba abin kunya a ciki. Yara su yi ta murna, ni kuma in fito daga aji ina tuna ƙaryar da na yi wa Inna.

Sau nawa na zo Garwa da niyyar in faɗa mata? Ban san iyaka ba. Ranar da aka fara biyana albashi na zo da turmin atamfa da maganar a bakina, na ba da atamfa na koma da magana. Da na haihu ta zo ta yi mini wankan jego kwana arba'in, daga ni sai ita a ɗaki, ban iya ba. Kullum sai in ce ai ta manta, me zai sa in tayar da tsohon ciwo. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoro nake ji ta dube ni irin duban ranar albasa.

Da rikici ya ɓarke a yankunan masu Ingilishi, wajen su Bamenda, mutane suka watsu cikin ƙasa, wasu har arewa. Ƙanena ya bugo mini waya ya ce sun ba wata mata da 'ya'yanta biyu hayar ɗakin kusa da zaure, daga can ta gudo, ta fara sarin tumatir, kuma ita da Inna sun shaƙu ba a jin kansu. Mace mai buroka a baki, mai wannan sana'a, a cikin gidanmu! Yau ko gobe kalmar za ta fito, Inna ta ce mata zagi ne, ita kuma ta ce wa ya gaya miki. In gaskiya za ta isa kunnen Inna, gara ta fito daga bakin da ya yi ƙaryar. Ranar Asabar na shiga mota.

Na iso da hantsi. Inna tana kan tabarma a inuwar rumfa, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, don shekara biyu ke nan ko ƙofar gida ba ta kaiwa sai an riƙe ta. Matar tana durƙushe a gabanta da kwando, Inna tana nuna mata yadda ake kasa tumatir, wanda za a sa a ƙasa da wanda za a ɗora a sama, da Fulatanci da karyayyen Faransancin nan nata da hannu. Matar ta gaishe ni da fara'a ta ce, "Mami ce makarantata. Ashe tsohuwar bayam-selam ce!" Na saci kallon Inna. Ba ta ɗago kai ba.

Da matar ta ɗauki kayanta ta fita, na matsa na zauna a bakin tabarmar. Mace mai shekara arba'in da biyar, mai 'ya'ya a lise, amma sai na koma yarinya a gabanta.

"Inna, akwai maganar da na taɓa faɗa miki ina yarinya. A kan sunan nan. Ƙarya na yi miki. Ba zagi ba ne. Sayo ki sayar kawai yake nufi. Malaminmu bai taɓa faɗin abin da na ce ba, shi ma uwarsa sana'arta ke nan. Ki yafe mini."

Ta ɗauki wani tumatir da ya gangaro ƙarƙashin tabarma ta goge shi da bakin zane.

"Madam ke nan," ta ce. "Ke a ganinki zan ji magana irin wannan in zauna da ita? Washegari na tambaya. Akwai wata 'yar Bamenda mai sayar da ganye a bayanmu, ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce wane ɗan banza ne ya gaya miki haka. Na ce wani ne a hanya."

Na ce, "Kin sani? Duk shekarun nan? To Inna, me ya sa kika bari?"

"Na ga fuskarki ai. Yarinyar da za ta iya ƙaga wa uwarta wannan magana, abin ya kai mata maƙura. Na yi mako biyu ina juya shi. Na ce in na ci gaba, wata rana za ki ce ba za ki makaranta ba, kuma na san taurin kanki, na babanki ne. Kasuwa ko karatunki. Sai na zaɓa."

Na fashe da kuka, irin kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. Ba ta rarrashe ni ba, ba halinta ba ne. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce yafiya kam ta yafe tun tuni, amma ta yi ta jira in zo in gyara maganata, har ta fara tsoron ƙasa za ta riga ni.

"Amma kasuwa," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "wallahi har gobe ina kewarta. Ban taɓa jin ni ce ni ba kamar a wurin nan."

Na share fuska na ce gobe da sassafe zan ɗauko mota in kai ta, a sa mata kujera a inuwa ta wuni tana kallo, in tana so ma kullum a riƙa kai ta, ni zan ɗauki nauyi. Ina ta zuba kamar mai shirya biki. Ta girgiza kai.

"Doguwar ta rasu bara waccan. Mai ganye ta koma garinsu tun da daɗewa, yanzu da wannan tashin hankali ban san ko tana raye ba. Wadda na bar wa wurina ma an binne ta. Wa zan je in gani, Madam?"

Ta yi shekara biyu bayan wannan rana, kuma har aka fitar da ita daga gidan ba ta sake ganin kasuwar Garwa ba.